MANJO-JANAR HASSAN USMAN KATSINA (1933-1995): SOJAN DA BAI RUFE ƘOFARSA BA

A wannan fili namu na tunawa da magabata mun saba kawo tarihin malamai da attajirai da sarakuna. To, yau soja muka ɗauko.

Wani zai ce me ya haɗa ɗan kasuwa da soja? Amsar tana nan bakin rumfunanmu. Duk wanda ya daɗe yana buɗe shago a garin nan ya san cewa da yawa daga dattawan da suka riƙa kwana suna gadin sito-sitonmu tsofaffin soja ne. Wasu sun zo aiki barikin Nguru, da suka gama sai suka ga garin ya karɓe su, suka yi aure, suka zauna, kamar dai yadda jirgin ƙasa ya kawo iyayenmu daga Kano da Katsina da Haɗeja bayan an kawo layin dogo a 1930. Baƙunta ɗaya ta haɗa mu da su, kuma maƙabarta ɗaya ke jiran mu. Saboda haka muka ga ya dace mu kawo tarihin mutumin da tsofaffin soja na Arewa suka ɗauka uba, wato Manjo-Janar Hassan Usman Katsina, Ciroman Katsina, don mu ga abin da ya yi yana cikin kaki, da kuma abin da ya yi bayan ya tuɓe, wanda a wurinmu shi ne ya fi.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Hassan a Katsina ran 31 ga Maris, 1933. Mahaifinsa shi ne Alhaji Usman Nagogo, wanda ya yi sarautar Katsina daga 1944 zuwa 1981, kakansa kuwa Sarki Muhammadu Dikko. Ka ga ke nan ɗan sarki ne jikan sarki. Ya fara karatun boko a elementare ta Kankiya, ya wuce Midil ta Katsina, daga nan sai Kwalejin Gwamnati ta Zariya wadda muka fi sani da Barewa, sannan ya taɓa karatu a babbar kwalejin kimiyya da fasaha ta Zariya.

A wancan zamani ba a ɗauki aikin soja da daraja ba a ƙasar Hausa. Ana ganin aiki ne na wanda ya gagari iyayensa, ko wanda ya gudu daga haraji. Yaron da ya gama Barewa, ɗan sarki kuma, hanyar da aka san zai bi ita ce aikin En'e, ya zama magatakarda, daga baya a naɗa shi hakimi. Amma gidan Nagogo sun san soja ba da baki ba. A ƙarshe-ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu Sarki Nagogo da kansa ya haye teku ya je ya duba sojojinmu da Turawan Ingila suka kwasa zuwa Indiya da Bama don su yaƙi Japanawa. Ya ga 'ya'yan talakawa a cikin dajin da ruwa ba ya yankewa, ya kuma ga yadda suka dawo gida bayan yaƙi, wasu da lambar yabo a ƙirji amma babu gona babu sana'a. Da shugabannin Arewa suka fara kira ga 'yan makaranta su shiga soja don kada a bar mu a baya, Sarkin Katsina bai tsaya ga tura 'ya'yan wasu ba, nasa ya bayar.

SHIGARSA SOJA

Hassan ya shiga soja a 1956. Ya fara samun horo a Teshi ta ƙasar Gana, aka wuce da shi Ingila, inda ya yi makarantar hafsoshi ta Sandhurst, ya fito da muƙamin ƙaramin hafsa a 1958. Bayan samun 'yancin kai ya je Kwango cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kwantar da tarzoma. Zuwa 1965 yana Manjo, yana riƙe da rundunar motoci masu sulke da ke Kaduna, wadda aikinta shi ne shiga gaba ta leƙo wa sauran dakaru hanya. Irin wannan runduna ce bataliya ta 241 da muka sani a nan Nguru.

A nan ya kamata mu tuna wa mai karatu cewa wanda ya share wa su Hassan hanya ɗan wannan yanki namu ne, wato Birgediya Zakariya Maimalari, wanda ya fito daga ƙauyen Maimalari a arewacin Yobe, yana kuma cikin 'yan Nijeriya na farko da suka fita daga Sandhurst. Sunansa ne aka sa wa babban barikin Maiduguri.

DAREN 15 GA JANAIRU, 1966

Mu dai ba a haife mu ba, amma mun ji daga bakin iyayenmu yadda labarin ya iso garin nan ta rediyo cikin watan azumi, kasuwa ta yi tsit. Wasu ƙananan hafsoshi sun yi juyin mulki. A Kaduna an kashe Firimiya Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato a gidansa. A Ikko an ɗauke Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga baya aka tsinci gawarsa. An kashe Birgediya Maimalari, da Kanar Kur Muhammad, da Laftanar-Kanar Abogo Largema, da Laftanar-Kanar Yakubu Pam, da wasu manyan soja da 'yan siyasa na Yamma da sauran sassa. A dare ɗaya Arewa ta wayi gari babu shugabannin siyasarta, babu manyan sojanta.

Da safiyar nan Manjo Nzeogwu, jagoran abin a Kaduna, ya tunkari Hassan da bindiga a hannu yana neman ya san ɓangaren da yake. Hassan bai yi gardama da bakin bindiga ba. Akwai waɗanda suka daɗe suna zargin sa a kan haka. Amma mai hankali ya san da ya ja, da an ƙara gawa ɗaya ne kawai, Kaduna kuma ta zama fagen fama tsakanin soja da soja. Cikin kwanaki kaɗan juyin ya rushe, Janar Ironsi ya karɓi mulki, ya naɗa gwamnonin soja huɗu: Ojukwu a Gabas, Fajuyi a Yamma, Ejoor a Yamma ta Tsakiya, Hassan kuma a Jihar Arewa.

GWAMNA YANA ƊAN SHEKARA 32

Ka duba fa, yaro ɗan shekara 32 aka ɗora a kan ƙasar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Barno, daga Nguru zuwa Ilori, jama'a na cikin makoki da fushi. Abin da ya fara yi shi ne ya san bai san komai ba. Ya riƙe Sa Kashim Ibrahim, tsohon Gwamnan Arewa kuma dattijon Barno, a matsayin mai ba shi shawara. Ya jingina da ƙwararrun ma'aikata irin su Malam Ali Aƙilu, sakataren gwamnati. Ya riƙa tara sarakuna yana jin ta bakinsu, ya kuma jawo mutanen da jiya ba sa ga-maciji, 'yan NPC da 'yan NEPU, su zauna inuwa ɗaya. A zamaninsa ne aka fara cire kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e zuwa hannun gwamnati. Ɗan sarki ne ya sa hannu a rage ikon sarakuna, har da na mahaifinsa.

Ba za mu ɓoye ba, shekarar nan baƙa ce. A watan Mayu Ironsi ya kafa doka mai lamba 34 wadda ta soke jihohi, tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa. Ran 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin, aka kashe Ironsi da Fajuyi, Yakubu Gowon ya hau. A watan Satumba da Oktoba aka yi kashe-kashen da dubban mutanen Gabas suka rasa rayukansu, sauran suka kwashe nasu ya nasu suka koma gida, har da maƙwabtan iyayenmu da ke aikin reluwe da kamfanoni. Duk wannan ya faru Hassan yana gwamna, kuma ya fi ƙarfinsa. Abin da tarihi ya shaida masa shi ne bai ɓuya a gidan gwamnati ba. Da sojojin bataliya ta 5 suka yi bore a Kano a farkon Oktoba suka afka wa mutane a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa, shi da kansa ya je ya tsaya gaban su, alhali makamai na hannunsu. Mu da muke zaune a garin da ba nan aka binne cibiyar kakanninmu ba, mu ne ya fi kamata mu riƙa tuna shekarar nan. Abin da ya sami baƙon wani gari yana iya samun kowane baƙo.

A Janairun 1967 yana cikin waɗanda suka je Aburi ta ƙasar Gana neman sulhu da Ojukwu, abin bai ɗore ba. Ran 27 ga Mayu, 1967 Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, shida a Arewa. Nguru da Gashuwa suka faɗa Jihar Arewa Maso Gabas mai hedkwata a Maiduguri, kafin a yi Barno a 1976, a yi Yobe a 1991. Da wannan rabo kujerar Hassan ta tafi. Mutumin da jiya yake mulkin fiye da rabin Nijeriya, yau babu jiha ko ɗaya a hannunsa, bai kuwa ta da jijiyar wuya ba. Shi aka ba shugabancin hukumar riƙon ƙwarya da ta kula da abubuwan da jihohin shida suka gada tare, irin su Jami'ar Ahmadu Bello da gidan rediyon Kaduna, ya kuma sa ido aka raba ma'aikata da kayan aiki ba tare da an ji kan 'yan uwa ba. Mu 'yan kasuwa mun san wuyar rabon gado ko na rumfa ɗaya ne, balle na Jihar Arewa.

YAƘIN BASASA

Yaƙi ya fara a watan Yuli 1967. Da farko an zaci abin na 'yan makonni ne, sai ga shi ya ci wata 30. Daga 1968 zuwa farkon 1971 Hassan ne hafsan hafsoshin sojan ƙasa. Rundunar da kafin yaƙi ba ta wuce mutum dubu 10 da 'yan kai ba, kafin a gama ta kai wajen dubu 250. Ina aka samo su? Da fari an kira tsofaffin sojan Bama suka dawo suka sake sa kaki. Daga nan aka shiga ɗiban manoma da 'yan dako da 'yan tasha da almajirai da 'yan En'e, a ba su horon 'yan makonni a tura su bakin daga. Da yawa ko sunansu ba su iya rubutawa ba.

Yaƙi ya ƙare ran 15 ga Janairu, 1970. To, a nan wata matsala ta fara wadda har yau ba a gama da ita ba: me za a yi da mutum dubu 250, da guragu, da makafi, da matan da aka bari da marayu? A shekarun da suka biyo baya aka yi ta sallamar su rukuni-rukuni. Wanda ya yi sa'a ya fita da takardar sallama da littafin fansho. Wanda bai yi ba, ya fita da tabon harsashi kawai.

Hassan ya ci gaba da aiki a hedkwatar ƙoli ta soja, ya kuma riƙe muƙamin kwamishinan tarayya mai kula da harkokin ma'aikata a ƙarshen mulkin Gowon. Ran 29 ga Yuli, 1975, Gowon yana taro a Kamfala ta Yuganda, aka kifar da gwamnatinsa, Murtala Muhammad ya hau, aka yi wa dukkan janar-janar ritaya. Hassan ya tuɓe kaki yana ɗan shekara 42.

BAYAN YA TUƁE KAKI

Shekara 19 ya yi a soja, shekara 20 ya yi a ritaya. Mu a ganinmu waɗannan 20 ɗin su ne suka sa ake yi masa addu'a har yau. Ya zauna a Kaduna. Bai ƙaura Turai ba, bai kewaye kansa da dogaran da za su kori mutane ba. Mutanen Kaduna sun shaida cewa gidansa ba ya rabuwa da jama'a: tsohon kofur da fanshonsa ya maƙale, matar soja da aka kora daga bariki bayan rasuwar miji, yaron da ke neman gurbin makaranta ko aiki, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Batibi da Babarbare. Ba kuɗi ne da shi masu yawa ba. Jarinsa shi ne sunansa, shi yake kashewa. Ya rubuta wa wannan 'yar takarda, ya ɗaga waya don wancan, wani kuma ya sa shi a mota su je tare. Hafsoshin da suka riƙe ƙasar nan daga baya yawancinsu yaransa ne a aiki, ba sa iya ƙin ganin sa.

Ya taɓa siyasa, yana cikin dattawan da suka mara wa jam'iyyar NPN baya a Jamhuriya ta Biyu, amma bai nemi kujera ba. Da mahaifinsa ya rasu a 1981 aka naɗa ɗan uwansa Alhaji Muhammadu Kabir Usman, shi ya ci gaba da zamansa na Ciroma. Wasan da ya gada daga Dikko da Nagogo, wato folo, ya riƙe shi har tsufa, akwai ma kofin da ake bugawa da sunansa. Allah ya yi masa rasuwa ran 24 ga Yuli, 1995, yana da shekara 62. An sa sunansa a kwalejin fasaha ta Katsina, da wurin shaƙatawa na bakin kogi a Kaduna, da wata makaranta a Bauci. Abin da aka fi faɗa a kansa ranar da ya rasu shi ne mutumin da ya mulki Arewa, ya riƙe soja lokacin yaƙi, bai bar dukiyar da za a nuna da yatsa ba.

DAGA ƘOFAR MUTUM ƊAYA ZUWA ƘUNGIYA

Ga inda muka dosa. Ƙofar Janar Hassan, duk faɗinta, ƙofar mutum ɗaya ce, ranar da ya rasu ta rufu. Kuma ko yana da rai, tsohon sojan da ke Nguru ko Gashuwa sai ya samu kuɗin mota zuwa Kaduna kafin ya amfana. Abin da ke iya ɗorewa bayan mutum shi ne ƙungiya.

Tsofaffin soja sun daɗe da gane haka. Tun 1946 Turawa suka kafa hukumar jin daɗin waɗanda suka dawo daga yaƙi. A 1964 aka kafa Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Nijeriya da dokar majalisa, tana da rassa a jihohi da ƙananan hukumomi. Su ne muke gani da kayan sarki da lambobinsu duk ran 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, wadda a da ake yi ran 11 ga Nuwamba bisa al'adar Ingila kafin a mai da ita ranar da yaƙin basasa ya ƙare. 'Yar alamar nan da ake sayarwa a maƙala a ƙirji, an yi ta ne don a tara abin taimakon guragun yaƙi da mata da marayu. Hafsoshi kuma suna da tasu ƙungiyar mai suna RANAO, wadda ta haɗa masu ritaya na sojan ƙasa da na ruwa da na sama.

Ba zaman shan shayi kawai suke yi ba. A farkon shekarun 2000 an ga tsofaffin soja suna kwana a titi a Abuja wata da watanni suna jiran fansho. A 2004 aka shigar da soja cikin sabon tsarin fansho na adashi, aka yi ta koke, har a 2011 aka gyara doka aka fitar da su. A 2022 da kuma 2024 sun yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatun tarayya a Abuja suna neman haƙƙoƙinsu da aka riƙe. Abin da a da sai Janar ya ɗaga waya, yanzu taron tsofaffi da tabarmi ke karɓo shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai akwai gyara. Hafsa mai ritaya ya san ofis, ya san Turanci, ya san wanda zai kira. Kofur da farabiti su ne a ƙasa. Darasin Hassan ga hafsoshin yau shi ne girman tsohon hafsa ba a yawan taurarin da ya sauke yake ba, a'a, yana ga yawan ƙananan da suka dogara da shi ba su faɗi ba.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Mun san wani dattijo da ya yi mana gadi shekara da shekaru, tsohon sojan basasa ne. Da ya rasu, iyalinsa suka zo da wata tsohuwar jaka cike da takardu, gara ta ci rabi, sunan da ke jikin takardar sallama ya saɓa da na banki da harafi biyu. Sun yi ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan har kuɗin mota ya ƙare, suka haƙura. Mu da muke gaisawa da shi kullum safiya ba mu taɓa tambayar sa ko takardunsa na nan daidai ba. Wannan laifin namu ne, ba na kowa ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu da masu unguwanni, a Nguru da Gashuwa, a yi abu uku. Na farko, a rubuta sunayen tsofaffin soja da matan mamatansu da ke zaune cikinmu, ko Hausawa ne ko ba Hausawa ba. Na biyu, a samu yaranmu masu boko su duba musu takardu tun suna da rai, a gyara suna, a rubuta magaji, a ɗauki hoton kowace takarda a ajiye. Na uku, a haɗa kai da reshen 'Yan Mazan Jiya, duk lokacin da aka kira tantancewa a sa hannu a aljihu a biya wa marasa ƙarfi kuɗin mota. Wanda ke ɗaukar tsohon soja gadi kuma ya ji tsoron Allah ya biya shi a kan kari. Babu ɗayanmu da ke da sunan Ciroman Katsina, amma kowa na da ƙofa.

Allah ya jiƙan Janar Hassan Usman Katsina, ya gafarta masa kurakuransa. Allah ya jiƙan Birgediya Zakariya Maimalari da sauran mazan da suka riga mu gidan gaskiya. Mu kuma in tamu ta zo Allah ya sa mu cika da imani, ya zaunar da garuruwanmu lafiya. Amin summa amin.